Opus, MP3, Codec 2: wace dabarar matse sauti ce ke tsimin mega ba tare da ta ɓata murya ba?

Wanda ya taɓa leƙa ma'ajiyar wayarsa ta Android don neman wani tsohon saƙon murya na WhatsApp, ya ga sunayen fayilolin duk da kalma ɗaya suke ƙarewa: opus. Yawancin mutane ba sa kula da ita, sai ranar da suka kwafe saƙon zuwa katin ajiya, suka sa a rediyon mota ko a ƙaramar talho mai maɓallai, abu ya ƙi buɗewa. Nan take sai a yanke hukunci cewa fayil ɗin ya lalace. Alhali lafiyarsa ƙalau, na'urar ce ba ta jin yaren da aka rubuta shi da shi.

Opus sunan kodek ne. Kodek kuwa dabarar lissafi ce mai aiki biyu: ta matse sauti ya ƙanƙance a wajen mai turawa, ta kuma warware shi a wajen mai sauraro. A Nijar, inda jama'a ke sayen intanet mega-mega, ko a Airtel ne ko Moov ko Zamani, kuma saƙon murya ya zama wasiƙar wanda ya yi boko da wanda bai yi ba, zaɓin kodek magana ce ta kuɗin aljihu. Ga gidajen rediyo da masu yaɗa karatu ko waƙa kuma, shi ke nuna ko abin da suka tura zai isa ƙauyen da rezo ke da sanda ɗaya, ko zai maƙale a hanya.

Sauti ɗanye, wanda ba a matse ba, yana da nauyi ƙwarai. A faifan CD ana auna kaɗawar iska sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo na cin bit 16, kuma ta ɓangare biyu, dama da hagu. In an haɗa lissafin ya kama kilobit 1,411 a sakan: minti ɗaya ya haura mega 10, awa ɗaya kuma wajen mega 635. Ga wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kowane kilobit ɗaya a sakan yana cin kusan rabin mega a awa, takamaimai 0.45. Ke nan MP3 mai kilobit 128, wanda aka fi sabawa da shi, na cin wajen mega 58 a awa. Kilobit 64 na cin 29. Kilobit 16 na cin 7 da ɗoriya. Da jiga ɗaya za a sauke awa 17 na irin wancan MP3, ko kuma kusan awa 139 na magana a kilobit 16. Duk muhawarar kodek a kan wannan tazara take: har ina za a iya rage adadin kafin kunne ya ce bai yarda ba?

Makarantu biyu

Masu ƙera kodek sun daɗe a rabe gida biyu. Na farko sun karanci kunne. Sun lura cewa sauti mai ƙarfi na danne raunana da ke kusa da shi, kamar yadda ba a jin raɗa a gefen injin niƙa. To, me ya sa za a ɓata mega wajen ajiye raɗar? Sai a zubar da ita, a rage daidaiton abin da kunne ba zai tantance ba. MP3 da AAC da Vorbis duk ƴan wannan gida ne, kuma komai suna karɓa, magana ko kiɗa, muddin an ba su isasshen wuri.

Na biyu sun karanci maƙogwaro da baki. Muryar ɗan Adam ba ta canzawa da garaje. Abin da ya fito yanzu yana ba da labarin abin da zai biyo baya nan da ɗan ƙiftawar ido. Saboda haka maimakon a tura sautin kansa, sai a tura siffarsa: yaya bakin ya buɗe, muryar tana sama ko ƙasa, da wane ƙarfi. Kamar ka aika wa tela awo maimakon ka aika masa rigar. Wannan ne ya ba wayar salula ta GSM damar ɗaukar magana a kilobit 13, alhali wayar tangaraho ta zamani na cin 64. Amma awon na mutum ɗaya ne mai magana. Ka ba irin wannan kodek algaita da kalangu da amshi a lokaci guda, sai ya rikice. Shi ya sa kiɗan jira da ake sa wa mai kira a waya yake fita kamar daga cikin tulu.

Kalmar "buɗaɗɗe" ma tana son bayani, domin abu biyu ake cakuɗawa. Akwai buɗaɗɗen rubutun manhaja, wanda kowa zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma haƙƙin mallakar dabarar kanta, wanda kamfani ke riƙewa ya karɓi kuɗi a kai. Ana iya samun na farko ba tare da an kuɓuta daga na biyu ba: AAC na da manhajoji buɗaɗɗu, amma masu ƙera na'urori na biyan lasisi. Rigimar ta samo asali ne daga MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa. A 1998 cibiyar ta fara aika wa masu rubuta manhaja takardun neman kuɗin lasisi. Wannan ya zaburar da wani Ba'amurke, Chris Montgomery, ya duƙufa kan Vorbis, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2002 ƙarƙashin gidauniyar Xiph.Org. Abin dariyar shi ne, a watan Afrilun 2017 an rufe shirin lasisin MP3 bayan haƙƙoƙin sun ƙare, don haka tsohon abokin gabar ma yanzu ya zama na kowa.

A wannan gidauniya ta Xiph ne wani injiniya ɗan Kanada, Jean-Marc Valin, ya fitar da Speex, kodek na magana zalla. Ya yi zamaninsa a manhajojin kira ta intanet, kuma masu shi da kansu sun ce a bar shi a koma Opus. Ba sai mun tsaya a kansa ba.

Abin da ya sa Opus ya yi zarra

Opus aure ne tsakanin makarantun nan biyu. An ɗauko SILK, kodek na magana da kamfanin Skype ya ƙera, aka haɗa da CELT na Xiph, wanda ya ƙware a kiɗa kuma ba ya jinkiri. Hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta amince da shi a watan Satumban 2012. Yana aiki daga kilobit 6 har zuwa 510, yana kuma sauya salo da kansa a tsakiyar fayil: in ya ji magana ya bi hanyar SILK, in ya ji kiɗa ya koma CELT, a tsaka-tsaki kuma ya haɗa su, ɗaya ya riƙe ƙananan sautuka, ɗaya ya riƙe na sama. WhatsApp da Telegram da shi suke saƙon murya, YouTube ma na amfani da shi.

A fagen magana, tsakanin kilobit 12 da 32, babu wani buɗaɗɗen kodek da ya yaɗu wanda ke kama ƙafarsa. Masu shi na ba da shawarar kilobit 24 don shirin magana da aka ɗauka ta ɓangare ɗaya, kuma a wannan adadi awa guda ba ta kai mega 11 ba. MP3 sai an ba shi wajen 64 kafin magana ta fita tas. In aka matsa masa zuwa 32 ko ƙasa, sai a fara jin wani ƙugi-ƙugi, kamar mai maganar yana cikin ruwa. Vorbis ma ba gwanin wannan fili ba ne.

Akwai wani abu a nan da ya shafi mai jin Hausa kai tsaye. Kiran waya na gargajiya yana yanke duk sautin da kaɗawarsa ta wuce 3,400 a sakan. To amma abin da ke bambanta "s" da "f" yawancinsa a sama da nan yake zaune. Shi ya sa a kiran waya "sata" da "fata" kan so su zama abu ɗaya, sai ma'anar jimla ta raba gardama, kuma shi ya sa faɗin suna ko lamba a waya ke sa a yi ta maimaitawa. Opus, in ya samu kilobit 12 zuwa 16, yana ɗaukar sauti har kaɗawa 8,000, sama da haka kuma yana iya kaiwa 20,000, iyakar jin ɗan Adam. Wanda ya lura cewa saƙon murya ya fi kiran waya fita sarai, ga dalilin nan. Ƙananan wayoyi masu maɓallai kuwa, yawanci da AMR suke ɗaukar murya, kodek na kamfanonin waya mai cin kilobit 4.75 zuwa 12.2, kuma shi ma a waccan iyaka ta 3,400 yake tsayawa.

Sai batun rezo mai tangal-tangal, wanda mu a nan ba labari ake ba mu ba. A kira ta intanet murya na tafiya ne gutsure-gutsure, kuma wasu kan ɓace a hanya. Opus na iya rage nauyinsa nan take in layi ya cushe, yana kuma iya cusa ƙaramin kwafin gutsuren da ya wuce a cikin na gaba, don in na farko ya ɓata a cike gurbinsa. Bugu na 1.5, wanda ya fito a watan Maris na 2024, ya ƙara dabarar da ke iya ɗaukar ajiyar magana har ta sakan guda. Jinkirinsa na yau da kullum bai kai kashi 3 cikin 100 na sakan ba, alhali na MP3 ya ninka haka sau da yawa, abin da ya sa ba a hira kai tsaye da shi. Sai dai a sani, a 2024 kamfanin Meta ya sanar da nasa kodek, MLow, don kiraye-kirayen WhatsApp da Messenger, yana mai cewa ya fi Opus a kilobit 6. Wannan nasu ne su kaɗai, ba a buɗe shi ba.

Ƙasa da kilobit 6

Inda Opus ya tsaya, nan Codec 2 ya fara. Wani injiniya ɗan Ostireliya, David Rowe, ya fitar da shi a 2010 don masu sha'awar sadarwa ta rediyon gajeren zango, zangon nan da iyayenmu suka saba kamo BBC da Muryar Jamus a kansa. Yana aiki daga bit 3,200 a sakan zuwa ƙasa, har 700 da ma 450. A lura, bit ake cewa, ba kilobit ba. A matakin 700, kowane yanki na magana mai tsawon kashi 4 cikin 100 na sakan ana siffanta shi da bit 28 kacal, kuma awa guda cur ba ta wuce sulusin mega ba. Muryar da ke fitowa ta ƙarfe ce, kamar ta mutum-mutumi. Za ka gane abin da aka faɗa, da ƙyar za ka gane wanda ya faɗa, kiɗa kuwa kada ma a fara. An yi shi ne don inda babu eriyar salula sam, sai rediyo tsakanin tasha da tasha. A ƙasa mai faɗin hamada irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba kayan saƙon gaisuwa ba ne.

Sabbin shiga su ne kodek masu dogaro da ƙirƙirarriyar basira. Google ya fitar da Lyra a 2021, bugunsa na biyu a 2022 yana aiki a kilobit 3.2 da 6 da 9.2. Meta kuma ya fitar da EnCodec a ƙarshen 2022, wanda ke farawa daga kilobit 1.5 kuma har kiɗa yana ɗauka. Dukansu an buɗe rubutunsu. A kilobit 3, muryar Lyra ta fi ta Codec 2 kama da ta mutum nesa ba kusa ba. Sirrin shi ne, na'urar mai sauraro ba ta warware abin da aka turo kawai. Tana sake ƙera muryar ne bisa abin da ta koya daga dubban awannin maganar wasu mutane. Google ya ce ya horar da Lyra da masu magana a harsuna fiye da 70.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan. Tsohon kodek in ya gaza, kunne na jin ya gaza: murya ta dushe, ka ce a maimaita. Wanda ke ƙera murya kuwa yana iya cike gurbi da sautin da ya fita tsaf, ya yi daɗin ji, amma ba daidai da abin da bakin ya furta ba. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana: "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, "gari" na zama da "gari" na tuwo, wanda tsawon wasali ya raba su. Ga kuma ɓ da ɗ da ƙ da ts, waɗanda Faransanci da Ingilishi ba su da su. Duk wata ƙungiya ko ma'aikata da ke son ɗaukar irin wannan kodek don saƙonnin lafiya ko na noma, kada ta tsaya ga sakamakon gwajin da aka yi da wasu harsuna. Ta ɗauki jerin kalmomi irin "bari" da "ɓari", "kasa" da "ƙasa", "da" da "ɗa", a bakin mace da namiji da tsoho, ta matse su, ta sa mutanen Maradi da na Tawa su saurara su faɗi abin da suka ji. Gwajin yini ɗaya ne. Ban da haka, irin waɗannan kodek sun fi Opus cin ƙarfin waya da batir, kuma babu manhajar sauraro ta yau da kullum da ke buɗe fayilolinsu. A yau dai kayan masu bincike ne da manyan kamfanoni.

Kiɗa ba ya yafiya

Kiɗa ya fi magana tsada, kuma kiɗanmu na gargajiya na daga cikin masu wahalar matsewa. Bugun kalangu ko na kuntigi sauti ne mai faɗowa kwatsam bayan ɗan shiru. Kodek na aiki ne da yanki-yanki na lokaci, kuma in wuri ya yi masa kaɗan sai kurakuransa su bazu cikin yankin gaba ɗaya, har su riga bugun fitowa. Sakamakon shi ne bugu mai dishi-dishi, wanda kaifinsa ya tafi. Algaita da kakaki da goge kuma suna da ɗimbin sautukan sama masu tsini, irin waɗanda kodek ke fara zubarwa in ya matsu. Wanda ya san waƙar Shata a kaset mai kyau, ya kuma ji ta bayan ta sha yawo a wayoyi, ya san abin da ake nufi.

A gwaje-gwajen sauraro na jama'a da aka yi a 2011 a kilobit 64, da kuma 2014 a kilobit 96, inda masu sauraro ba su san wane kodek suke ji ba, Opus ne ya zo kan gaba, ya wuce AAC da Vorbis. A na 2014 har ya wuce MP3 da aka ba wuri mafi yawa, wajen kilobit 128. Don haka waƙa a Opus mai kilobit 64 zuwa 96 ta wadatar da yawancin kunnuwa, a 128 kuma da wuya a bambanta ta da asali. Vorbis bai mutu ba, yana da kyau daga wajen 96 zuwa sama, amma babu dalilin zaɓarsa ga sabon aiki. Ƙasa da kilobit 48 kuwa, gaskiya ita ce dangin AAC masu lasisi, HE-AAC da magajinsa xHE-AAC, suna da ƙarfi ƙwarai a kiɗa, domin don wannan fili aka ƙera su. Wanda ya matsu ya sauka can da Opus, gara ya haɗe dama da hagu su zama ɓangare ɗaya. Lasifikar waya da ta ƙaramar rediyo dama guda ɗaya ce.

Amma ɓarnar da ta fi yawa a sautukan da ke yawo tsakaninmu ba daga zaɓin kodek take ba, daga maimaita matsewa take. A ɗauki misali: wakili a Tasawa ya ɗauki hira da saƙon murya, ya tura gidan rediyo a Maradi. Can aka juya ta zuwa MP3 don a yanka, aka sake fitar da ita a MP3, aka ɗora a Facebook, wanda shi ma ya sake matse ta da nasa. Wani ya sauke, ya juya, ya watsa a zaurukan WhatsApp. Sau huɗu ko biyar ke nan ana zubar da wani abu, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa, kamar hoton takardar da aka yi ta kwafa daga kwafi. Juya fayil mai kilobit 16 zuwa MP3 mai 128 ba ya ƙara masa kyau ko kaɗan, nauyi kawai yake ƙara masa har sau takwas.

Maganin ba ya cin ko dala. A ɗauki hira a WAV, ko a mafi girman inganci da wayar ke bayarwa. A tura ta a WhatsApp a matsayin takarda, domin ta wannan hanya fayil na isa yadda yake. A yi duk yanke-yanke a kan asalin, sannan a matse sau ɗaya tak a ƙarshe. Audacity da FFmpeg, waɗanda kyauta ne, duk suna fitar da Opus, VLC kuma na karanta shi. Abin da ake son ajiyewa don gobe kuwa, kamar tsoffin kaset na makaɗa, ko irin taskar tarihin baka da cibiyoyi kamar CELHTO da IRSH ke riƙe da ita a Yamai, wurinsa FLAC ne. Shi ma buɗaɗɗe ne, tun 2001 yake, yana rage nauyi da kusan rabi ba tare da ya zubar da ko bit ɗaya ba. Daga shi ana iya fitar da kowane irin kwafi, yau ko bayan shekara 20, da kodek ɗin da ba a ma ƙirƙira ba tukuna.

Saura matsalar da ba ta lissafi ba. Opus ya fi MP3 ta kowace fuska ta fasaha, amma rediyo mai cin kati da ake sayarwa a kasuwa, da lasifikar mai shayi, da na'urar motar haya, da talho mai maɓallai da ke hannun dattijo a ƙauye, mafi yawansu MP3 suka sani. Mai tura waƙoƙi da karatu a kati a bakin tasha ba zai sauya ba, kuma yana da gaskiya. Gidan rediyo ko makarantar da ke yaɗa shiri na awa guda, abin da ya fi mata shi ne ta fitar da kwafi biyu daga asali ɗaya: Opus mai kilobit 24 don masu saukewa da megansu, wajen mega 11, da MP3 mai kilobit 64 ta ɓangare ɗaya don masu kati da Bluetooth, wajen mega 29. Shirin kullum na wata guda, a Opus bai wuce mega 330 ba. A MP3 mai 128 da aka saba fitarwa ba tare da an duba ba, ya haura 1,700.